Takardar da Isom Ya Ƙi Taɓawa

Sunansa Isom Tolliver, ki rubuta shi haka. Gidansa ne na ƙarshe a kan jar hanyar nan da ta rabu da kwalta ta gangara rafi, a ƙauyenmu na baƙar fata da ke kudancin jihar Alabama ta Amurka. Dogo ne siriri, wuya kamar na zalɓe, ga tafin hannu da garma ta gama cinyewa. Ya noma auduga har auduga ta daina ciyar da mutum, ya koma masara da dankali da 'yan aladu. Matarsa ta rasu da wuri. 'Ya'yansa biyu suka hau jirgin ƙasa suka tafi manyan birane aikin masana'anta, kamar 'ya'yan kowa. Ya rage shi kaɗai a kan eka sittin da biyu da kakansa Prince Tolliver ya saya bayan an 'yanta bayi.

Ƙasar nan ba a taɓa raba ta ba. Haka muke yi. Tsoho zai mutu bai bar wasiyya ba, da gangan, domin a ganinmu in ƙasa ta kowa ce, ba mai iya sayar da ita. Kowane jika yana da rabo, amma ba wanda zai nuna miki inda nasa ya fara. Gaba gonaki, baya dajin itatuwan katako, a bakin dajin kuma kaburburan gidan, tun daga Prince har matar Isom.

Isom ba matsoraci ba ne. Na ga ya shiga ambaliya ya fito da alfadarin maƙwabci. Abu ɗaya ne ke kashe masa gwiwa: ginin kotun gunduma, mai jan bulo da agogo a ka. Yana da shekara goma sha shida aka kawo wa yayansa Hosea takarda, kan wata rigima da wani farar fata a kan iyakar gona. Hosea ya miƙa hannu ya karɓa, ya sa rigarsa ta coci ya tafi ya yi bayani. Isom ne ya raka shi, ya tsaya a waje riƙe da alfadari. Da yamma aka fito da Hosea da sarƙa a ƙafa, aka kai shi fasa dutse a hanyar gwamnati. Bai cika shekara biyu ba aka aiko da gawarsa. Ya bar mata, Arzula, da jariri mai suna Cleon, kuma Isom ne ya ɗauki nauyin yaron har ya girma ya tafi birnin Detroit.

Tun daga ranar ubansu ya kafa doka a gidan. Takardar kotu, in ba ta taɓa hannunka ba, ba ta da iko a kanka. Ba gidan Tolliver kaɗai ba, duk ƙauyen mun yarda da wannan kamar a Littafi Mai Tsarki aka rubuta. Har tsari gare mu. Gidan Arzula ne na farko in an baro kwalta, ta rataye tsohon bakin garma a jikin bishiya. Da ta hango motar gunduma sai ta kama buga shi da guduma, duk wanda ya san ana nemansa ya bi ta ƙofar baya.

A bazarar alif ɗari tara da saba'in da shida ƙarfen nan ya fara kuka saboda Isom. Mai kawo sammacin wani ɗan sandan gunduma ne, farar fata mai tumbi, sunansa Purvis. Zuwan farko ya tarar da ƙofa a rufe, murhu da ɗumi. Zuwa na biyu ya tarar da aladu suna cin abincin da aka zuba musu yanzun nan. A na uku ya tsaya gidan Arzula ya sauke gilashin mota.

"Arzula, ina ƙanin mijinki?"

"Yallaɓai, ai ba a aljihuna nake ajiye shi ba."

"Me kike bugawa haka duk na zo?"

"Kaji nake kira."

"Kajin naki kurame ne?"

"Tsufa ne ya kama su, yallaɓai, kamar mu duka."

Purvis ya share gumi, ya ce ta gaya wa Isom abin nan don amfanin kansa ne. Ta ce to. Ai haka suke cewa kullum.

Sau bakwai yana zuwa. Isom ya rame. Ya daina zuwa coci, ya daina zuwa kasuwar Asabar, yana cin burodin masara a tsaye, kunnensa na hanya. Ko yaro ya buga gwangwani sai ka ga ya zabura. Ya yi kwance a cikin ciyawar bakin rafi sauro na cinsa, ya yi tsugune a bayan kabarin kakansa har ƙafafunsa suka mutu. Bai ma san laifin da ya yi ba, wannan ya fi komai cin ransa. Yakan zauna ya bi shekarunsa ɗaya bayan ɗaya yana neman inda ya taka wani farar fata bai sani ba.

Daga nan motar ta daina zuwa. Sati ɗaya, biyu, wata guda. A coci dattawa suka riƙa dafa masa kafaɗa, wai ya gajiyar da gwamnati. Shi ma ya fara yarda, har ya ɗan mayar da jiki.

Wata safiyar Talata ya shiga dajin baya neman wata aladiya da ta ɓalle, sai ya ga jan ƙyalle ɗaure a jikin itace. Ya ɗaga ido, ga wani, ga wani, sun yi layi har bakin kaburbura. A ƙarshen layin ga wani farar fata da dunƙulen ƙyallen a hannu. Isom ya cire hula, a cikin dajin kakansa.

"Yallaɓai, lafiya?"

"Tsoho, kai ne wanda suka yi ta nema? Kamfaninmu na katako ya sayi rabo ɗaya a ƙasar nan. Ya kai ƙara a sayar da duka a raba wa kowa nasa."

"Ba a ba ni takarda ba, yallaɓai. Hannuna bai taɓa komai ba."

Mutumin ya dube shi, ba da mugunta ba, kamar dai yadda ake duban wanda ya zo tasha bayan mota ta tashi.

"Kotu ba ta bukatar hannunka. In an neme ka an rasa, sai a buga a jarida sati huɗu a jere, shi ke nan an gaya maka. Daga nan kwanaki suke tafiya. In suka cika ba ka amsa ba, alƙali ya ɗauka ka yarda."

"Saura kwana nawa?"

"Ni ƙyalle aka ba ni in ɗaura."

Isom ya manta da aladiyar. Bai san yadda ya iso gidan Arzula ba, ya dai ga kansa zaune a kan matakalarta. Aka aika wa Fasto Gaines. Fasto ya zo ya saurara, ya ce ba mai sanin ranar sai an ga fayil ɗin ƙarar, kuma fayil yana ofishin magatakardan gunduma. Kowa na da ikon ya je ya ce a nuna masa, haka doka ta ce.

"Ina ofishin yake?" in ji Isom, alhali ya sani.

"Cikin ginin kotu, hawa na biyu."

"Za ka raka ni, Fasto?"

Fasto ya yi ta juya hularsa. Ranar Lahadi kaɗai yake fasto. Sauran kwanaki a injin yanka katako na kamfanin nan yake aiki, ga 'ya'ya shida. Ya ce zai yi addu'a.

Washegari Isom ya sa baƙar kwat ɗin da ya ajiye don a binne shi da ita. Ya tsaya gidan Arzula yana jiran motar mai kai wasiƙu, wanda kan rage wa mutane hanya zuwa gari. Ya miƙa mata makullin gida.

"Matar yaya, aladun nan sau biyu ake ba su. Mai jan kunnen tana cizo. In ba ki gan ni ba zuwa Asabar, ki rubuta wa yara."

"Kai da wannan wuyan naka wa zai tsare ka? Ai sai sun yi asarar abinci. Ka ci wani abu?"

"Ba zai shiga ba."

Ta tura masa dankali gasasshe a aljihu, tana gyara masa wuyan kwat. Bakinta na tsiya, amma yatsunta sun yi sanyi. Ta taɓa gyara wa Hosea wuyan riga a wannan ƙofar.

A gari ya zagaya ginin sau biyu. Ya nufi ƙaramar ƙofar gefe, wadda baƙar fata ke bi a da, wadda Hosea ya bi, ya tarar an toshe ta da bulo. Dole sai ta gaba. Matakala goma sha ɗaya, ya ƙirga su da gwiwoyinsa. Ciki sanyi, ga warin man goge daɓe, takalminsa na ƙara kamar yana kiran mutane su zo su gan shi. Ya bi layin farko da ya gani, ya yi rabin awa, ashe na masu sabunta lambar mota ne. Aka nuna masa bene da bakin alƙalami.

Yana kaiwa saman bene ya yi kiciɓis da Purvis, kofin shayi a hannu, bindiga a ƙugu. Isom ya mayar da hannuwansa baya ya damƙe su. Ya ji fitsari na neman kufce masa.

"Isom Tolliver. Sau bakwai. Ka san man da na ƙone a kanka?"

"Yallaɓai, ba na gida ne."

"Murhunka dai yana gida." Purvis ya kurɓi shayi. "Saki hannunka, ba ni da komai. Na mayar da takardar tun tuni. Da ka karɓa da ka san ranarka. Ƙofa ta biyu a dama."

Ya wuce abinsa. Isom ya jingina da bango sai da numfashinsa ya dawo.

Ofishin dogon kanta ne, bayansa manyan littattafai masu jan bango jere har rufi. Matar da ke kan kantar farar fata ce mai furfura, tabarau rataye a wuya. Madam Haskew ake ce mata. Ba ta ɗago ba.

"Lambar ƙara?"

"Ranki ya daɗe, ban da ita."

"Wa ya kai ƙarar?"

"Wani kamfani."

"Wanne? Suna da yawa."

Bai sani ba. Bai tambayi mai ƙyalle ba. Ta ja numfashi ta tambayi sunansa, ta jawo littafin sunayen waɗanda ake ƙara, ta bi shafi da yatsa har ƙasa, ta juya, ta sake bi.

"Babu Isom Tolliver a bana. Bara ma babu."

Wani sanyi ya sauko masa tun daga ka. Babu. Magatakarda da bakinta ta ce babu. Ya yi godiya har sau uku ya juya, ƙafafunsa na son gudu. Ya kai ƙofa, ya kama mariƙinta. Zai iya komawa gida ya ce an duba ba komai, kuma ba ƙarya ya yi ba. Amma ƙyallen nan da idonsa ya gan su, na ƙarshe bai fi taku goma da kabarin matarsa ba. Ya daɗe riƙe da ƙofar. Sannan ya dawo.

"Ranki ya daɗe, a gafarce ni. Maganar ƙasa ce. An ce an buga a jarida."

Sai yanzu ta sa tabarau ta dube shi.

"Ƙasar da sunanka take?"

"A'a. Ta gidanmu ce."

"Sunan wa ke kan takardar saye?"

"Kakana, Prince Tolliver. Ya rasu tun ina goye."

"An raba gado?"

"Mu ba ma rabawa."

"Na sani," in ji ta. "Duk wata sai na ga irinku." Ta koma littafin, ta buɗe wani shafin. A littafin, in ji ta, ba a jera kowa da kowa. Irin wannan ƙarar da sunan magadan mamaci take shiga. Yatsanta ya tsaya. Ta rubuta lamba a guntun takarda, ta shige ciki. Isom ya ji ana jan aljihun ƙarfe. Ya duba ƙofa, ya duba taga. Yana jira ne a fito da mutum biyu da sarƙa.

Ita kaɗai ta fito, da fayil ruwan ƙasa. Ta ajiye a kan kanta ta tura masa.

"Ga teburi can. Ba a fita da shi, ba a cire komai."

Isom ya tsaya, hannuwa a baya. Shekara arba'in da biyar yana gudun wannan abu, ga shi kwance a gabansa, kaurinsa bai kai yankan burodi ba.

"Malam, akwai mutane a bayanka."

Ya zaro hannun dama. Ya tallafe shi da na hagu, ya ɗora a kan fayil ɗin. Takarda ce kawai, da ɗan sanyi. Ya jira. Agogon bango ya ci gaba da tafiya, wata mata a ciki tana buga keken rubutu. Ya ɗauka ya kai teburi, ya buɗe, ya zuba wa baƙaƙen ido. Ya yi kusan awa guda a haka, yana juya shafi in ya ga kamar lokacin juyawa ya yi.

Da layi ya ƙare Madam Haskew ta zagayo ta tsaya a kansa.

"Na baro tabarauna a gida," in ji Isom.

"Haka ne." Ta juya fayil ɗin, domin a juye yake riƙe da shi, kai ƙasa. "Ni ba lauya ba ce. Ba zan gaya maka abin da za ka yi ba, doka ta hana ni. Amma abin da ke rubuce kowa na iya karanta shi."

Ta karanta. Sunaye ashirin da uku, har da gwaggonninsa da suka mutu tun kafin yaƙin duniya. Ta karanta shaidar Purvis, ranakun zuwansa bakwai, kowace da kalma ɗaya a gabanta, ba a same shi ba. Ta karanta umarnin alƙali na a buga a jarida. Sannan ta zo kan wanda ya sayar wa kamfani rabonsa: Cleon Tolliver, na Detroit.

Isom ya riƙe bakin teburi.

"A sake karanta wannan."

Ta sake.

"Ranar fa?"

"Litinin mai zuwa, ƙarfe biyar na yamma. Duk wanda bai kawo amsa a rubuce ba, an wuce da shi."

Yau Laraba.

"Wace irin amsa, ranki ya daɗe?"

"Na ce maka ni ba lauya ba ce." Ta rufe fayil ɗin. "Aikina shi ne duk takardar da mutum ya kawo da lambar nan a samanta da hannunsa a ƙasanta, in buga mata hatimi in sa a ciki. Ba na duba kyan rubutu. Kana son kwafi? Senti goma shafi."

Ya kwance ƙullin hankici ya biya. Ta ba shi shafi goma sha huɗu masu ɗumi daga inji, da guntuwar takardar nan mai lamba. Ya sa su cikin kwat, a jikin fatarsa, ya sauko matakala yana jin kowa na kallon ƙirjinsa.

Arzula ta yi aji uku a makarantar coci, tana karatu da yatsa, baki na motsi. A kan matakalarta ta karanta, rana na shirin faɗuwa. Isom ya so ya cire shafi na huɗu, mai sunan Cleon, amma bai san wanne ne na huɗun ba. Ya ga lokacin da yatsanta ya tsaya. Ta daɗe a wurin. Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da littafin da take rubuta waƙoƙin coci, ta yage shafi daga tsakiya.

"Faɗi, in rubuta."

"Matar yaya, wataƙila bai san abin da ya sa wa hannu ba."

"Ni na haife shi, ba kai ba. Faɗi."

Ya faɗa, ta rubuta da fensir, ta bi da alƙalami. Ni Isom Tolliver ina da rai. Ina zaune a kan ƙasar nan tun da aka haife ni. Mutanena suna binne a cikinta. Ban yarda a sayar ba. Ta kwafi lambar a sama, baƙi bayan baƙi, ta duba sau uku.

Kada ki ɗauka zuwa na biyu ya fi sauƙi. Ranar Alhamis sai da ya yi amai a bayan ginin kafin ya hau matakala. A gaban Madam Haskew ya zana gicciyensa a ƙasan takardar a madadin sa hannu, ita da wata ma'aikaciya suka sa hannu a matsayin shaidu. Da ta buga hatimi, ƙarar ta sa ya yi baya har ya ture kujera. Ta ba shi kwafi mai hatimi ta ce ya adana. A ƙofa ta ƙara da cewa akwai wasu lauyoyi a babban birni da ba sa karɓar ko sisi a kan irin wannan ƙara, kuma ba ita ta gaya masa ba.

Shari'ar ta ci shekara biyu. Sau biyar Isom yana shiga ginin nan, sau biyu ni na raka shi, kuma kowane zuwa sai ya bar wa Arzula makulli. A ƙarshe alƙali bai yarda a sayar da duka ba, tunda ga mai zama a kai ya fito ya yi magana. Aka yanke wa kamfani eka tara ta gefen rafi, inda itatuwa suka fi kauri. Gida da gonaki da kaburbura suka tsira.

Ranar da injinan yanka suka shiga eka taran nan, Isom da Arzula suna zaune a barandarsa suna ɓarar wake. Duk itacen da ya faɗi sai ƙasa ta amsa a ƙarƙashin kujerunsu. Tun safe suke ɓara. Can da rana ta take, Arzula ta ture kwanon.

"A can Hosea yake kai ni kamun kifi."

"Na sani."

"Saura nawa yanzu?"

"Hamsin da uku."

Ta jinjina kai, ta jawo kwanon, suka ci gaba da ɓara.